Takardu Goma Sha Ɗaya a Jakata

Juma'a, 7 ga Maris, 1997, Salaga

Na yi magana da Sahada a ɗakin wayar rediyo, kamar kowace Juma'a. 'Yata kenan a Kumasi da cikin fari, ƙafa duk ta kumbura. A watan Mayu za ta sauka. Ina fitowa mai kula da waya ya ce kamfanin da ke da ɗakin nan zai rufe shi ƙarshen Afrilu, a zuba kwamfuta a ofishin Bawku. Innalillahi! To in naƙuda ta zo, wa zai gaya mini? Direban lori?

Litinin, 10 ga Maris

Marigayi mijina ya bar mini hannun jari a kamfanin, ban taɓa zuwa mitin ba. Yau na sa an rubuta mini shawarar da zan kai mitin masu jari a Bawku, cewa a bar ɗakin Salaga. Shugaban kamfanin kuwa Yaya Alhaji Sidiku ne, wan mijina. Shekara ashirin da shida ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba.

Laraba, 19 ga Maris, Yendi

Mata goma sha ɗaya masu jari sun dangwala mini yatsa a takardun wakilci, in yi ƙuri'a a madadinsu. Hajiya Zalia mai atamfa ta ce, "Rashidatu, ki ba da su hannu da hannu. Amana ba a aika ta da kwandasta." Gaskiyarta. Na naɗe su a ɗankwali, na tura ƙasan jaka.

Juma'a, 21 ga Maris, Bawku

Zafin garin nan sai ka ce bakin murhu. Na je gaida Yaya Alhaji, na durƙusa. Ya ce, "Maman Sahada, na ga sunanki a takarda." Daga nan ya tambayi farashin doya a Salaga. Ko ruwan da aka kawo na kasa sha.

Asabar, 22 ga Maris

Kai, yau na ga abu.

A bakin ƙofa na miƙa wa Amidu sakatare takardun. Ya juya su, ya ce ai doka ta ce su iso ofis kwana biyu kafin mitin. Na ce ga ni na kawo da hannuna, wane aike ya fi wannan? Ya ce, "Hajiya, wallahi ba ni na rubuta dokar ba." Da ma a bayan takardar aka rubuta, da Turanci ƙanana. Goma sha ɗaya, duk sun zama na ƙunshe ƙosai.

Da aka kira shawarata na miƙe. Abin da aka rubuta mini ya gudu daga kaina. Na ce kawai, "Yaya Alhaji, kwamfuta ba za ta gaya mini jikarka ta zo lafiya ba." Wallahi idona na cikin nasa.

Aka ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, sun fi rabi nesa, har na fara hamdala. Sai Amidu ya ce jari ake dubawa, ba hannu ba. Yaya Alhaji da mutum biyu sun rinjaye mu duka. Amidu ya raɗa mini cewa da takardun Yendi sun shiga, da na ci.

Na yi kuka a bayan lorin da ke zuwa garin Zebilla. Haushin kaina nake ji, ba na kowa ba.

Talata, 25 ga Maris

Me zan ce wa Hajiya Zalia?

Juma'a, 25 ga Afrilu, Salaga

Wayar ƙarshe. Layin na ƙara, da ƙyar nake jin ta. Sahada ta ce, "Mama, wai da gaske kin tsaya a gaban Baba Alhaji kin yi magana?" Na ce ƙarin gishiri ne na mutane, ta kula da ƙafarta. Gobe zan hau lori zuwa Kumasi, in zauna har ta sauka. Cinikin doyata ya jira.

Amidu ya aiko da wata takarda, wai ta masu neman kujera a hukumar kamfani baɗi. Ni ina ni ina kujera? Ban cike ba. Na dai sa an karanta mini bayanta, sau biyu.