Ashe Direban Ne

Asabar, 3 ga Mayu
Zafi ya shigo, an yi wa Kaka aikin ido, kuma a kaina abin ya ƙare. Likita ya hana ta karatu, ita kuwa ba ta iya wuni ba littafi. Baba ya ce ko a samu mai karanta mata, ko ta koma gidan Kawu inda 'yan boko suka yi yawa. Na ce ni zan yi. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki: "Kai da allo kaɗai ka sani?" To, na koyi baƙaƙen boko a waya. Ba mai ɗauke min Kaka. In ta tafi wa zan riƙa tsokana?

Litinin, 5 ga Mayu
Kaka ta ce, "Ka gauraya min su, angona, kar ka kwaso min kala ɗaya." Na je wurin mai tsofaffin littattafai na zaɓa da bango. Mai hoton wuƙa, na taurari, na waƙoƙi don siriri ne, sai mai hoton zakara da na ɗauka na ban dariya ne. Ashe kiwon kaji ne. Mutumin yana gani bai ce uffan ba, mugu.

Talata, 6 ga Mayu
Na yi bismilla, na buɗe mai wuƙar ta dama yadda hannuna ya saba, na karanta a tsanake: "Ashe direban ne ya kashe shi."
Kaka ta ce, "Wane direba?"
"Oho, yanzu muka fara."
"Ɗan nema, ai gamawa muka yi!"
Abin haushin, ba wanda ya yarda kuskure ne. Baba ya ce da gangan na yi. Sau ɗaya a rayuwata ban yi tsiya ba, shi ne aka hana ni shaida.

Alhamis, 8 ga Mayu
Waƙoƙi. Kaka ta ce in daina ja mata madda, waƙar soyayya ce ba tilawa ba. Yaya tana bayan taga tana kwaikwayona. Zan sa mata gishiri a shayi.

Lahadi, 11 ga Mayu
Na taurarin nan kalmominsa kamar tsakuwa a baki. Fanka ta tsaya, gumi na ɗiga a takarda, sai na shiga ƙirƙira. Na ce akwai tauraron da ke munshari irin na Baba. Ina jiran dariya, sai ta ce, "Idona aka rufe, ba kunnena ba. In ba za ka iya ba ka faɗa, ba laifi ba ne."
Da ma marina ta yi.

Laraba, 14 ga Mayu
Kawu ya zo. Wai ran Asabar zai kawo mota ya ɗauki Kaka. Kaka ba ta ce a'a ba.

Alhamis, 15 ga Mayu
Saura na kaji. Allah ya isa tsakanina da zakaran nan.

Juma'a, 16 ga Mayu
Na sa yatsa a layi, ban ƙara ko wasali ba. In kalma ta ƙi, sai in jero mata baƙaƙen ɗaya-ɗaya kamar ina sabon shiga makaranta, ita ta haɗa. Kalma guda ta kusa kashe mu, ashe "ƙyanƙyasa" ce. Kaka ta yi dariya har ta dafe bandeji, ta ce, "Ci gaba, malam kaza." Shafi uku kacal, wuyana kamar zai karye.

Asabar, 17 ga Mayu
Mota ta zo. Yaya har ta fito da jaka. Kaka ko motsi ba ta yi ba, ta ce wa Kawu, "Muna tsakiyar ciwon 'yan tsaki, ba a tashi a bar su haka. Ka dawo in mun gama littafin." Kawu ya kalle ni, na kalli rufi.

Talata, 20 ga Mayu
Na kajin ya kusa ƙarewa, don haka na koma wurin mugun. Na ce ya ba ni mafi kauri a shagon, wanda za a kai damina ba a ga bayansa ba. Labarin wasu matuƙa jirgin ruwa ne. Na tsaya ina duba farkonsa, sai ji na yi yana cewa in saya ko in ba mutane hanya, wai na fi rabin awa a tsaye. Sharri ne. Dubawa kawai nake kar a cuci Kaka.
Amma jirgin nan da alama nutsewa zai yi, kuma ita sai bayan la'asar take tashi daga barci.