Tozon da ka ce in ajiye maka

Yaya,

Na dawo na tarar kana barci, ga mai motar dusa yana jirana a waje.

Naman jan bijiminmu ya ƙare tas kafin azahar! Mahauci na gama fiɗa na tsaya kan sikeli da kaina, mutanen unguwa suka yi layi har bakin titi. Ka tuna dillalin nan da ya ce in ba ta hannunsa ba sai dai naman ya ruɓe mana? Shi ma ya zo da ledarsa.

Ka yi haƙuri, tozon da ka ce in ajiye maka shi na sayar masa. Da ya nemi ragi, na ce ya je ya nemo dillali.

Ƙaninka