Shanun Alhaji Ya'u

Jidda, Maris 1984

Yaya Hamajoɗa,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Dada? Ka ce mata ina lafiya, ina cin abinci.

Alhaji Ya'u na Nguru, wanda ya samo mini aikin ginin nan, ya cuce ni. Takardar da ya sa na dangwala wa yatsa ta ba shi rabin albashina, ta kuma hana ni barin kamfanin sai bayan shekara biyu. Fasfo ɗina ma sun riƙe.

Shanunsa da ke garkenmu, ka kora su can bayan Yusufari. In ya zo nema, ka dama masa fura, ka ce suna lafiya, suna cin ciyawa, amma ba su da izinin dawowa sai ranar da na dawo.

Allah ya sada mu.

Ƙaninka,
Bobboi