Jan Zare a Zoben Inna

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Mu nan sai godiya. Kawu ya samu sauƙin ƙafarsa har ya koma zaman ƙofar shago yana yi wa masu wucewa sharhi, Auta ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, maigidana kuma yana nan da tarinsa da taurin kansa. Ɗinki ma ba laifi. Sai dai yau tun safe nake gaban keke ban kammala ko hannun riga ɗaya ba. In taka, in tsaya, in tashi in leƙa titi, in dawo in zauna. Da na ga zan lalata wa mutane yadi, sai na ture shi gefe na ɗauko biro. Na san za ka yi mamakin takarda alhali kusan kullum muna waya, to ai ka san kunnen Inna bai tsufa ba, ko daga tsakar gida na amsa kiranka sai ta ce a miƙo mata ɗanta. Maganar yau kuwa ba ta gabanta ba ce.

A kan wayar nan ce da ka aiko mana don mu riƙa tura maka hotunan Inna, mai idanu uku a baya. Ba zan rage mata komai ba, Yaya, wayar ta iya hoto. Daga bakin shagona Auta ta jawo allon mai kemis na tsallaken titi har muka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. In na ɗauki yadi, sai ka ga saƙarsa zare-zare, kala kuma ba ta canzawa, har masu kawo ɗinki sun daina yi mini ƙorafin ba abin da suka gani ba ke nan. Amma tana da wani hali guda: da ta hango fuskar mutum, ba ta iya barinta yadda Allah ya yi ta. Ta goge tamoji, ta cika kumatu, ta share baƙin ƙasan ido, ta zuba haske. Ni kaina ta mayar da ni budurwa, har maigidana ya kalli hoton ya tambaya ko akwai wata ƙanwata da aka ɓoye masa. A lokacin dariya muka yi ta yi.

Dariyar ta ƙare mini ne ranar da ka ce ka nuna wa abokan aikinka hoton Inna sun ce kamar yayarka, kuma tunda ga ta nan garau, za ka ɗaga hutunka zuwa baɗi in kun kammala aikin da ke hannunku. Na ce maka to, saboda tana zaune kusa da ni tana murmushi. Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Yaya, matar da kake gani a hoton nan ba ita muke kwana da tashi da ita ba. Inna ta rame ƙwarai. Abinci sai an yi lallashi ta karɓi cokali biyu ta kau da kai. Rigunanta ni nake ɗinka su, ni na san yadda na rage su, na sake ragewa, har yanzu suna yi mata yawa. Daga gado zuwa kujerar bakin taga sai ta dafa bango. Likitanta ya ja ni gefe a zuwanmu na ƙarshe, ya tambaya ko tana da 'ya'ya a nesa, ya ce in da hali su zo kada su jira wani lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta gane halin wayar, sun haɗa baki. Ranar hoto sai ta sa a kai ta bakin taga da hantsi, ta yafa shuɗin mayafin da ka aiko, ta sa kwalli, ta miƙe baya kamar ba ita ba. Ina dannawa sai ta saki jiki tana haki. Sannan ta karɓa ta duba, ta ce wannan waya ta san girman manya. Ta kuma gargaɗe ni da kada in kuskura in tayar maka da hankali, wai kai ma kana da iyali da shugabanni a kanka. Na yi mata biyayya har na gaji, ga shi yau na saɓa, Allah ya yafe mini.

Kada ka ce ban yi ƙoƙarin nuna maka gaskiya ba. Na kai wa mai gyaran waya na bakin kwana, ya kashe duk abin da ake iya kashewa na gyaran fuska, ya ce sauran a cikin jininta yake, wai kafin ƙiftawar ido takan ɗauki hotuna da yawa ta haɗa su ta fitar da wanda zai fi faranta rai. Na gwada ɗaukar Inna ba ta sani ba, a ɗaki labule a sake, sai wayar ta haska ɗakin kamar an buɗe rufi, ta ba ta jinin da ba ta da shi. Na goge, na sake, na goge. Har tsaki na yi na ce da Auta in da tsohuwar wayata mai dishi-dishi na nan da ta fi mini amfani.

Jiya ne ina wanke wa Inna hannu zobenta ya zame ya faɗa cikin roba. Ka tuna shi, na azurfar nan da marigayi Baba ya ba ta, wanda ya ƙi fita lokacin da za a yi mata aiki a asibiti, har muka yi ta fama da sabulu kana ta tsokanarta. Shi ne ya fita da kansa. Ta sa na naɗa masa zare don ya zauna, na ɗauko jan zare daga jakata na yi ta naɗi. Da azahar barci ya ɗauke ta, hannun yana kan bargo, sai na ɗauki hotonsa. Wayar ta nemi fuska ta rasa, don haka ba ta taɓa komai ba, ta zuba duk ƙwarewarta a kan abin da ke gabanta. Zan tura maka shi tare da hoton wannan takardar, ita ma ba ta da fuskar da za a gyara. Ka jawo shi sosai, Yaya, kamar yadda muka jawo allon mai kemis. Ka dubi yatsan, ka dubi kaurin zaren. Za ka ga wani ɗan bakin zare yana reto, ba sakaci na yi ba. Na kawo almakashi zan yanke, ta riƙe hannuna, ta ce in bar shi, za a buƙaci ƙari.

Don Allah ka zo. Kada ka ce mata ni na faɗa, ka ce kewarta ce ta dame ka, ai ba ƙarya ka yi ba.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da yaranka Dogo da Mai-surutu, ita Mai-surutun ka ce mata na ajiye mata yadi mai fulawa. Kawu da Gwaggo da Auta duk suna gaishe ku, maigidana ma haka. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same mu yadda muke fata.

Ina jiran jin ranar da za ka taso,
Ƙanwarka mai ɗinki.