Saiwar Darbejiyar Baba

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa daga Garwa. Ya jikinki, ya maigida da yara? Ya zafin Kuseri?

Rariyar gidanmu ta sake toshewa, karo na uku a daminar nan, har ruwan wanke-wanke ya shiga ɗakin Inna. Na gaji da zura sanda, na tona. Ashe saiwar darbejiyar marigayi Baba ce ta cika tiyon!

Kawu Sale ya ce, "A sare ta." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, a gindinta Inna take wuni."

Gobe zan fara sabon haƙa ta bayan madafa. Ki gaida kowa, ki taya ni da addu'a. Ruwan ne zai kauce, ba bishiyar Baba ba.

Ƙaninki,
Bello