Ƙwaryar Nonon Inna a Cikin Jif

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Hunkuyi sai godiya, masara ta yi kyau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Jif ɗin da ka aiko don kai Inna asibiti ta so ta jawo magana. Ƙaninka Kabiru ya sa bakanike a Zariya ya cire na'urar da ke hana ta gudu sosai, wai kunya yake ji bas tana wuce shi a titin Kano.

Ranar da za mu suna gidan Kawu a Makarfi, Inna na rungume da ƙwaryar nono, Kabiru na ta sheƙa gudu, sai ga shanu sun hau titi. Kabiru ya taka birki, motar ta yi ta ja, da ƙyar ta tsaya gab da wani bijimi. Nono ya wanke mu har gilashi. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi.

Nan Kabiru ya faɗi abin da ya yi wa motar. Inna ta sauka ta zauna a bakin gonar rake, ta ce, "A mayar mata da linzaminta, ko in ƙarasa a ƙafa." Ya rantse, washegari kuwa ya mayar.

Yanzu duk tafiya sai Inna ta cika ƙwarya ta cire faifai, ta ce idan ɗigo ya zuba za ta karɓe makulli.

A sa mu a addu'a, a gaida yara. Jiya har amalanken rake ya kusa wuce mu, Kabiru kuwa bai ƙara gudu ba.

Ƙanwarka,
Hajara