Sun Cire wa Inna Abin Jinta, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Lawal mai gyaran agogo, Ƙofar 'Yandaka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka a durƙushe kamar yadda na saba, tare da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa ka ishe alherin da ka tura gaba. Ɗiyarka ce Rabi. A nan ne ake cewa duk muna lafiya, amma yau ba zan ce ba. Ƙara na kawo maka. Na san ba za ta ishe ka ba, na kuma san dangi za su gani a waya su yi ta tura wa juna. Su tura mana. Wanda abin ya yi wa zafi ya san rawar da ya taka.

Sun cire wa Inna abin jinta, na'urar nan da take sawa a kunne, Baba. Ranar da ka rasu suka cire, tun maza ba su karkaɗe ƙurar maƙabarta ba.

Ni ba ni nan. A makon da ka tafi aka yi mani aiki a Zariya, aka ciro yaron da muka sa wa sunanka, likita ya ce ko kusa kada in hau mota. Kullum na kira Yaya Kabiru na ce ya miƙa wa Inna waya, sai ya ce tana salla, ko ta ɗan kishingiɗa, ko mutane sun cika ɗakin. Na yarda da shi. Ina can ina kuka biyu, na rashinka da na rashin jin muryarta, ashe ita ma tawa ce ba za ta ji ba ko an kanga mata wayar.

Sai da na yi arba'in na zo. Na yi sallama a tsakar gida, na ƙara, na ƙara da ƙarfi. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta ta ba ni baya tana jan carbi, takwaranka na tsala ihu a bayana, ko motsi ba ta yi ba. Sai da inuwata ta faɗa kan tabarmar ta zabura har carbin ya suɓuce. Na ɗaga hijabinta na duba kunnen dama, na duba na hagu. Babu komai.

Gwaggo Asabe ce, yayarka. Ita ta shigar da Inna takaba. Ta amshe 'yan kunne da zobe da awarwaro, ta ɗauke kwalli da turare, wannan duk ba ni da ta cewa, haka aka saba. Sai ta kai hannu bayan kunnen Inna ta ce wannan ma ya fita, wai duk abin da aka maƙala a kunne ado ne. Ado, Baba! Abin da ka yi ta kai da kawowa asibiti a kanshi, aka gwada kunne, aka auna, aka sake aunawa, abin da Inna ke rufewa da ɗankwali don kada a gani, shi ne ado.

Da na tambaye ta dalili, ko kunyar idona ba ta ji ba. Cewa ta yi, "Matar da mijinta ya mutu, me ya rage da take son ji?"

Wannan Gwaggon fa ita ce ta yi takabar nata mijin da gilashinta a ido tun daga farko har ta fita, ina yarinya amma ban manta ba. Ba wanda ya ce mata gilashi ado ne. Ba wanda ya ce matar da mijinta ya mutu me take son gani.

Shi kuwa ɗanka Kabiru, da kake cewa ka bar mana bango, yana tsaye aka yi. Wai shi ba ya son hayaniya a gidan makoki, wai sha'anin takaba sha'anin mata ne. Gidan liman na nan jikin namu, katanga ce kawai tsakani. Bai iya taka ƙafa ya je ya tambaya ba, amma ya iya shirya mani ƙarya iri-iri a waya. Ni na je. Liman ya riƙe baki ya yi salati, ya ce wa ya faɗi haka, lalura ina ruwanta da ado. Maganar ba ta kai shan ruwa tsawo ba, ita ce aka kasa yi har tsawon wannan lokaci.

Kada ka tambaye ni me ya hana Inna ƙi. Ka fi ni saninta. Tunda ta shigo gidan nan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli danginka ba, balle a ranar da take ganin ƙasa ta kife mata. An ce addini ne, ta miƙa kunne.

Ka san abin da ya fi ƙona mani rai? An yi zaman makoki gida ya cika, daga Gobarau aka zo, daga Ƙofar Sauri aka zo, har Fulanin da kake gyara wa agogon hannu ranar kasuwa sun turo matansu. Kowa ya durƙusa ya yi mata ya haƙuri, ya faɗi alherinka, ya yi maka addu'a. Inna na zaune tana bin bakinsu da kallo. Inda ya kamata ta ce amin sai ta yi murmushi, inda ya kamata ta yi shiru sai ta ce lafiya lau. Mata suka fita suna taɓe baki, wai ba su taɓa ganin busasshiyar zuciya irin ta Hajara ba, miji ya mutu ko amin ba ta iya cewa, ko ɗigon hawaye babu. Maƙwabciya ce ta ba ni labari, tana faɗi tana sunkuyar da kai don har da ita aka yi. Matar da ta yi maka zaman aure tun ba ka da shago, ita aka yi wa wannan shaida a unguwa.

Na ce a fiddo mani abin. Gwaggo ta ja ƙafa ta ja ƙafa, sannan ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta ƙulle su duka biyun, na dama da na hagu, a leda tare da 'yan kunne da awarwaro, batir na ciki, murfi a rufe, ga damina, ga ɗakin nan da ka san yadda bangonshi ke tsattsafo. Da na buɗe murfin na hagu sai ga wani farin gari da kore-kore ya cinye wurin batirin. Na tsaya riƙe da shi a tafin hannu ina tuna yadda kai kake riƙe shi.

Kullum ka dawo masallaci da asuba, kafin koko, sai ka shimfiɗa farin ƙyallen nan kan tire. Ka fiddo su daga kwalbar da ke shanye danshi, ka sa gilashin aikinka, ka bi su da ɗan buroshi, ka zura siririyar waya ka fidda dauɗar da ta toshe bututu. In batir za ka canza, ka ɓare takardar bayanshi ka aje shi ya sha iska tukuna, mu muna ta cewa Baba ka sa mana, kai kana cewa gaggawar me. Sannan ka dunƙule abin jin a hannu ka kai kusa da naka kunnen, in ya yi ɗan fito ka san yana da rai.

In Inna za ta yi alwala kana gida, tafin hannunka ne ma'ajiyarsu. Kana tsaye riƙe da su har ta gama, ta miƙo hannu, ka noƙe ka ce, "Busar da kunnen tukuna." Ka hana ta fesa turare suna kunne. Ka hana a aje su kan taga inda rana ke bugawa, ka hana a kai su kusa da murhu. In za a kwanta ka buɗe murfin batir ka mayar da su kwalba. In ɗaya ya zauna ba daidai ba yana fito a kunnenta, kai kake fara ji daga zaure, ka shigo ka gyara mata ɗankwali kamar shi ya kawo ka.

To yanzu kai ma ka saurara, don ba Gwaggo kaɗai nake jin haushi ba. Me ya sa ba ka koya wa kowa ba? Sau nawa na zauna gefen tiren nan na ce ka nuna mani? Sai ka yi dariya ka ce, "Kunnen innarku aikina ne, kowa ya kama nashi." Ita kanta ba ka bari ta koyi buɗe murfin ba, wai yatsunta na rawa za ta karya. Ka riƙe aikin kai kaɗai, ka ji daɗin riƙewa, ka tafi da shi. Da mutum ɗaya a gidan nan ya san cewa ba a barin batir a ciki, da ko an cire mata an aje shi yadda zai rayu. Da mutum ɗaya ya san wahalar da ke cikin abin nan, da ya buɗe baki ranar. Ka so ta, ban musa ba, duk Katsina ba mai musawa. Amma ka bar ta a hannun mutanen da ba su san komai a kai ba, kuma kai ka hana su sani.

Na kai su asibiti, sashen kunne. Na dama ya tashi bayan an goge shi. Na hagu ya mutu, sun ce ruwan batirin ya shige ciki. Matar da ke wurin ta zaunar da ni ta nuna mani komai, tana yi ina ganin hannunka, har ta tambaye ni ko lafiya nake share ido.

Da na dawo na durƙusa gaban Inna, na sa mata na daman a karkace ya yi ta fito, na cire na sake. Sai na ga fuskarta ta canza. Takwaranka na ƙananan kuka a kan gado, ta juya ta dube shi, ta daɗe tana dubanshi. Na zaci zancenshi za ta fara. Sai ta kamo hannuna ta ce, a hankali, "Rabi, da mutane suka zo, me suka ce a kan babanku?"

Ban sani ba, Baba. Ba ni nan. Na kira Kabiru, ya yi ta sosa ƙeya, wai an dai ce mutumin kirki ne. Shi ke nan abin da ya riƙe.

Washegari na goya yaro na shiga unguwa gida-gida, na ce duk wanda ya zo gaisuwa ya taimaka ya dawo, wancan karon ba ta ji ba. Gwaggo ta aiko wai ba a maimaita ta'aziyya, tada mikin mutuwa ne. Na ce a faɗa mata gaisuwa ce, kuma ba a ɗakinta za a yi ba. Tunda nake ban taɓa mayar wa babba magana ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Sun zo. Wasu da kunya, wasu da kuka, har masu taɓe bakin. Na zaunar da kowa ta damanta, na ce kada a yi mata ihu, a dai fuskance ta a yi magana ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshe Malam Idi tela ya zo, maƙwabcin shagonka, wanda ka cika a gabanshi. Ya tsaya bakin zaure bayan labule, na matso da Inna kusa. Ya ce kana zaune kan bencinka da agogo a hannu ka jingina da bango, ya zaci gyangyaɗi ne. Ya ce da suka ɗauke ka, abu ɗaya ya faɗo daga aljihun gabanka, katin batirin abin jin Inna, sabo, da safen ka saya ka nuna mashi ka ce na gida ya kusa ƙarewa. Ya ce ya kawo ranar sadakar uku, ya faɗi duk wannan daga inda yake tsaye yanzu, Gwaggo ta maido mashi ta ce ba shi da sauran amfani. Bai iya yarwa ba, ya aje a aljihun keken ɗinkinshi. Ya zuro hannu ta gefen labule ya miƙo.

Inna ta amsa da hannu biyu. Malam Idi ya ɗaga murya ya yi maka addu'a, ita kuma ta ce amin. Ba ta san ƙarfin muryarta ba, har gidan liman an ji. Ta ƙara cewa amin, sannan ta kifa fuska kan katin ta yi kukan da aka ce ba ta da shi. Ban rarrashe ta ba, na hana kowa ya rarrashe ta.

Batiranka muke sa mata yanzu, Babana. Ni ke shimfiɗa farin ƙyallenka da safe, na ishe shi a ninke inda ka bar shi. Na tsare Kabiru da matarshi sun koya, na kama yatsun Inna na koya mata buɗe murfin, kuma ba ta karya ba. Kafin in koma Zariya sai kowa a gidan nan ya iya, ko yana so ko ba ya so. Na san da kana nan za ka ce in yi haƙuri da Gwaggo, yayarka ce, tsufa ne. Zan yi, amma ba yau ba. Kunnen Inna na hagu na nan shiru, kuma ta nan gefen kake zama in kuna hira.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka tsaya riƙe da jin Inna a tafin hannunka kana jira ta gama alwala, Allah ya riƙe ka da rahamarsa. Ya ba ta haƙuri, ya sanyaya mani zuciya, ya haɗa ku a Aljanna inda za ka yi magana ta kowane gefe ta ji ka. Na karanta mata addu'ar nan ta kunnen dama kafin in tura, ta ce amin.

Ɗiyarka mai fushi da kai, mai kewarka,
Rabi